Ranar da Ƙanena Ya Sauke Mini Na'urar Auna Ruwa

Duk shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, in muka zo darasin yanayi sai dai in zana wa yara abin auna ruwan sama da alli. Ban taɓa riƙe na gaske a hannuna ba. Shi ya sa bayan na ajiye aiki, da na je Yamai ganin likitan ido na tarar da na'urar a wani kanti, ban yi shawara da kowa ba. Na saye ta, na rungumo kwalin bisa cinyata a mota har Dogon Dutsi.

Kashi biyu ce. Akwai wadda ake kafawa waje, mai 'yan kofuna uku da ke juyawa in iska ta taso, da wutsiya mai nuna inda iskar ta fito, da mazurarin da ruwa ke shiga. Akwai kuma ɗan allo da ake ajiyewa a ɗaki. Babu waya tsakaninsu. Ta waje ke aiko da labari, lambobi su fito a allon: zafi, laimar iska, ƙarfinta, da yawan ruwan da ya zuba.

Takardar bayanin da Faransanci take, na karanta ta tsaf. An ce a kafa inda itace ko bango ba zai tare iska ba. A gidana wuri ɗaya ne ya dace, kusurwar gabas, kusa da katangar da ta raba ni da maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da siminti da kwanon rufi. Na sa mai walda ya yi mini dogon ƙarfe, aka haƙa rami aka dasa, aka ɗaure shi da simintin da na saya a shagon Alhajin nan. Na sa pil, wato batir, na shiga ɗaki na zauna gaban allo. Ya daɗe bai nuna komai ba, can sai ga lambobi sun bayyana. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Bazara ce, ana ta duban gabas. Kowace safiya kafin in ɗora koko sai na leƙa allon, ina ganin laima na ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ina da gonar hatsi a hanyar Sukukutane, kuma burina shi ne ruwan farko na bana in auna shi da kaina, in san ko ya kai na shuka.

Wata Asabar na tafi gaisuwar mutuwa. Da na dawo da la'asar, tun daga bakin titi na hango ƙarfen tsaye ba komai a kansa. Na shiga gida da sauri. Ga na'urata yashe bisa tabarma ƙarƙashin rumfa, kofi ɗaya ya karye, wutsiyar ta lanƙwashe. Ga ƙanena zaune a kujerata yana shan ruwan randata. Yana da makullin gidana tun rasuwar maigidana, don ko ta-kwana.

Na ce, "Wa ya taɓa mini wannan?"

Ya ce, "Yaya, zamna ki huta tukuna."

"Na ce wa ya taɓa?"

"Ni na sauke. Alhaji ya same ni bayan Juma'a, ya ce kin kafa kamara tana leƙen gidanshi, iyalinshi sun kasa shiga makewayi. Ya ce nauyi shi ka ji ya yi miki magana, tunda ke mace ce, gara maza su gyara tsakaninsu."

Ƙanen nan nawa ni na goya shi. Ni na kama hannunsa na koya masa rubuta sunansa. Gidan nan da albashina na gina shi, tubali bayan tubali. Shi kuma Alhajin kullum sai mun gaisa a ƙofar gida, har ciwon gwiwata yake tambaya, amma bakinsa ya yi nauyin cewa, Madam, mene ne wancan? Su biyu suka zauna a inuwar masallaci suka yanke hukunci a kan kayana, ni ina gari, wayata na cikin jakata.

Na ce, "Da ka sauke, ka ga idon kamarar a jikinta?"

Ya ce, "To ni na san irin na zamanin ga? Zaman lafiya na nema miki da maƙwabta."

"In wata ta kawo mini ƙararka, in shiga gidanka ba ka nan in kwance maka eriyar talabijin, mi za ka ce?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan daban."

Da ya tsaya a karyar da kofin, wataƙila da na haɗiye. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na miƙa hannu na ce ya ba ni makullina. Ya zaci wasa nake. Da ya ga idona, ya ciro ya ajiye bisa tabarma ya fita yana gunaguni.

Ban ko cire mayafi ba na kwashi na'urar da allonta na nufi shagon Alhaji. Akwai mutane zaune a benci. Na dire masa ita bisa buhun siminti.

"Alhaji, ga kamarar. Juya ta da kyau ka nuna mini inda take gani."

Ya ce, "Haba Madam, ai ba sai an tara jama'a ba."

Na ce, "Da ka ƙwanƙwasa ƙofata, da daga ni sai kai."

Ya juya ta sama da ƙasa, ya leƙa cikin mazurarin, ya ce to, shi dai abin da ya gani kenan yana juyawa, kuma mutum ba ya sakaci da iyalinsa. Haƙuri kuwa bai fito daga bakinsa ba. Daga nan na kwashi kayana na shiga gidansa wajen matarsa. Ta riƙe baki ta ce ita ba ta taɓa kai kuka ba, hasali ma in tana tankaɗe kofunan take duba ta san ta ina za ta juya baya. Na fito raina ya fi ɓaci fiye da yadda na shiga.

Kafin in samu gam mai ƙarfi a gyara, ruwan ya sauko. Da hantsi hadari ya haɗo, aka yi ta zubawa har kwata ta cika. Ina tsaye bakin ƙofa, allon a hannuna ba ya nuna komai sai 'yan layuka. Da aka ɗauke na fita na tona ƙasa da yatsa in ga zurfin jiƙa, ina tonawa ina zagin ƙanena a zuci.

An liƙe kofin, amma ya fi 'yan'uwansa nauyi, yana juyawa yana ɗingishi, ƙarfin iskar da yake ba ni ban yarda da shi ba har yau. Mazurarin dai lafiya lau. Na mayar da ita wurin da take, na ma sa aka ƙara wa ƙarfen tsawo.

Ƙanena bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da Salla ya aiko matarsa da cinyar rago, ya ɗauka magana ta wuce. Can tsakiyar damina, washegarin wani babban ruwa, sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, Alhaji na tambaya, wai milimita nawa abin naki ya nuna jiya? Yana son ya zuba taki."

Na ce, "Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kai kana wancan ƙarshen gari. Ka gaya mishi ina gida." Na kashe wayar.