Karan dawa a bahon ƙudan zuma

"Ya walad, zo ka gani!" Kawu Idrisu ke kirana da Larabci, wato "kai yaro", daga wajen amya, a gonarmu ta Doka. Bahon ruwan da na ajiye wa ƙudan zuma saboda zafi ya cika da gawarsu.

Na ɗauki hoton bahon na ɗora a zauren masu kiwon zuma na intanet. Wata dattijuwa daga Turkiyya ta amsa, waya ta fassara min: nutsewa suke yi, in sa musu abin sauka.

Na zuba karan dawa a bahon don su riƙa sauka a kai. Mutuwa ta tsaya.

Kawu ya ce, "Ka tambayi sunanta?"

"Na me, Kawu?"

"To da wane suna zan sa ta a addu'a?"

Ku fa, wane baƙo ne ya taɓa yi muku irin wannan alheri?