Takalmin da Aka Saya Don Kada a Cire Shi

Maigidana bai taɓa mallakar takalmi ba sai shekarar da siyasa ta shigo ƙauyenmu, can tsakanin Karaye da Rogo, lokacin Turawa ba su tafi ba. Ƙafarsa kuwa, Allah ya ji ƙansa, ƙaya ma shakkarta take yi.

Ran wata kasuwar Rogo ya kai gyaɗa, ya tsaya sauraron masu lacca. Suka ce talaka ma mutum ne, ya daina faɗuwa ƙasa gaban masu sarauta, ya daina cire musu takalmi. Ya dawo gida yana huci, na ajiye masa tuwo ya ƙi taɓawa.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Daga yau na daina cire wa kowa takalmi."

Na dubi ƙafarsa, na ce, "Wanne?"

Ai kuwa na jawo wa kaina. Da kasuwa ta zagayo sai ga shi da takalmi sau-ciki baƙi na gwanjo, ya yi masa kaɗan, kuma zakarana ya sayar ya sayo shi. Har yau in na tuna zakaran nan raina ɓaci yake yi.

Damina ta faɗi, ana tsakiyar noman farko, sai saƙo ya zo daga sama cewa a ba da mutane su tafi gyaran hanyar da motar Bature za ta bi. Aikin tilas ne, ba sisi, kuma ba a san ranar dawowa ba. Mai unguwa ya ambaci sunan maigidana, shi kuwa ya ce ba inda za shi, ciyawa na cin dawarsa. Washegari dagaci ya aiko kiransa, aka kuma gaya mana akwai ɗan doka daga gari zaune a ƙofar gidan.

Ga ni da tsohon ciki, ga rumbu ya kusa ƙasa. Wanda ya ƙi aikin hanya, ya kuma tsaya gaban dagaci da takalmi a idon ɗan doka, igiya za a sa masa a wuce da shi Kano. Wa zai nome mini gona? Na yi roƙo, na yi zagi, na ce ya tuna dagacin nan abokin mahaifinsa ne, shi ya yanka ragon sunansa. Ko a jikinsa.

Ya ɗora takalmin a ka ya fita, don ba ya iya doguwar tafiya da shi. Na yafa zane na bi shi, na raɓe wajen mai fura da ke gindin tsamiya a ƙofar gidan dagaci. A daidai inda kowa ke tuɓe nasa, nan gogan naka ya zauna ya cusa ƙafa. Ya miƙe yana tafiya kamar kaza a kan rairayi mai zafi. Mutane suka zuba masa ido, ni kuwa na rasa dariya zan yi ko kuka.

Wani bafade ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma zaure da sauri. Da ya sake fitowa sai ya ce dagaci na ganawa da baƙi, a jira. Malam ya tsaya a rana ƙiƙam, wai zama ma ƙasƙanci ne. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, gumi na zuba, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. Mai fura ta raɗa mini, "Mijinki rawa yake koyo?"

Sai da ladan ya kira azahar sannan dagacin ya fito, ta ƙofar baya, bai ko dubi inda Malam yake ba. Ya nufi masallaci, wanda ɗan fili ne aka kewaye da duwatsu, ya ce da ƙarfi, "Jama'a, a yi alwala."

To, wa zai ƙi cire wa Allah takalmi? Malam ya zauna ya yi ta kokawa, sai da mutum biyu suka taya shi ja. Yatsun duk sun yi bororo.

Da aka sallame, ɗan doka ya tafi cin abinci, dagaci ya yafito Malam. Suka zauna tabarma ɗaya, kowa ƙafa ba komai. Daga inda nake ina jin su.

Tsohon ya ce, "Ɗana, da ka shigo mini zaure da abin nan, dole in sa a ɗaure ka, in ba haka ba a ɗaure ni. Kana ganin ni ba na cirewa? In Bature ya sauka, tun daga bakin rafi nake tuɓe nawa, ga furfurata. Tashi ka tafi gonarka."

Malam ya ce, "Baba, aikin hanyar fa?"

Ya ce, "Ba ruwanka."

Muka dawo gida yana ɗingishi yana cika baki, wai yau talaka ya yi nasara. Na ɗumama ruwa ina gasa masa ƙafa ina ce masa sannu sadauki. Daɗi kam na ji, ba zan ɓoye ba.

Da safe muna ƙofar gida ayarin masu aikin hanya ya zo wucewa, ɗan doka na biye. Mutanen da aka nema sai sun cika, ko da wa. A ƙarshen layi sai ga autan dagaci, wanda bai daɗe da aure ba, da kwando a ka. Ya gaishe mu da ladabi ya wuce.

Malam ya bi shi da kallo har suka ɓace. Ya shiga ya ɗauko fartanya, ya ɗaure yatsunsa da tsumma. Da ya kai mararraba sai na ga ya bar hanyar gonarmu, ya bi wadda ta nufi gonar yaron. Na buɗe baki zan kira shi, ga tamu dawar cikin ciyawa, sai na kasa.