Ranar da Kugen Ruwa Ya Yi Ƙarya

Da safiyar ranar ina surfen gero a tsakar gida. Ɗiyata Hauwa'u, 'yar shekara shida, tana kore mini kaji. Damina ta yi tsakiya, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Rana ta fito sarai, babu alamar hadari.

Ƙauyenmu yana wajen Shinkafi, inda gulbi ya rabu biyu. Da damina ruwa ke zagaye mu, mu zama tsibiri. Bayan shekarar da ambaliya ta ci mana rumbuna, dattawanmu suka zauna da na ƙauyukan bakin gulbi da Fulanin tudu, aka yi tsari. An kafa gungumen giginya a bakin ruwa, an yi masa tsaga uku. In ruwa ya taɓa ta uku, Sarkin Ruwa zai buga kuge. Yara su shiga jirgin farko. Maza su kora shanu ta mashigi zuwa tudu. Mata su jira jirgi ya dawo. An ce kada kowa ya tsaya tambaya ko duban sama, don ruwan da aka yi can nesa yakan iso mana ana tsala rana. Duk farkon damina muna gwadawa, yara suna ta dariya.

Da hantsi kuge ya yi ƙara. Na ajiye taɓarya, na kama hannun Hauwa'u. Babu wanda ya je duba gungume. Haka aka koya mana. Na miƙa ta ga Baba Iro mai fito, ya zaunar da ita cikin sauran yara. Ta ɗago mini hannu. Maigidana ya shiga cikin masu kora shanu.

Jirgi yana tsakiyar ruwa lokacin da saniyar ƙarshe ta hau tudu. Nan bindiga ta tashi. Mutane suka fito daga cikin dawa, fuskokinsu a rufe.

"Ku kwanta! Ku kwanta!"

Daga baya muka ji cewa wasunsu sun shigo tun da safe, suka ɗora wa Sarkin Ruwa bindiga a ka, suka sa ya buga. Da hannunmu muka tara musu shanun gari wuri ɗaya.

Ban san ko Baba Iro suka nufa ba. Na dai ga ya saki sanda ya faɗi. Yara suka miƙe, suka taru gefe guda. Jirgi ya kife. Ina tsaye ina gani. Na faɗa ruwa, maƙwabciyata Inna Dije ta riƙo ni ta baya, don ban iya iyo ba. A bayanmu hayaƙi ya tashi, maharan da ke cikin gari sun sa wa ɗakuna wuta.

"Ta baya! Ku bi ta baya!" wata cikin mata ta yi ihu.

Muka bi ta ɗaya reshen gulbin, mata riƙe da hannun juna. Da za mu wuce gungume na duba. Ruwa bai kai ko tsagar farko ba.

Mun ratsa fadama babu takalmi, ƙaya tana shiga ba ma ji. Muka ji kiran azahar daga wani ƙauye, ba mu tsaya ba. Da la'asar muka fito titi, wata motar itace ta kai mu Shinkafi. Duk wanda ya iso bayanmu sai na tare shi da tambaya.

Maigidana ya iso washegari da rauni a kafaɗa. Shi ya faɗa mini. Yara goma sha ɗaya ne a jirgin, Fulanin tudu suka ciro takwas da rai. An samu gawar Hauwa'u a cikin ciyawar bakin ruwa, ƙasa da mashigi kaɗan.

Da rani na je na ga wurin da jirgin ya kife. Na tambayi maigidana zurfin ruwan a ranar. Ya nuna mini ƙirjinsa.