Sabuwar Kwamfutar da Ba Ta San Gidanmu Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina, za mu Kibiya wajen kawuna. Kawu tsohon malamin Islamiyya ne, ya daɗe yana buga tarihin gidanmu da Hausa a tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur. Ɗansa ya kawo masa sabuwa mai batir, sai kawai ya daina rubutun. Da yake gyaran kwamfuta ne sana'ata, a waya ya ce min, "Wannan ba ta san mu ba." Shekarunsa sun ja, kuma idan bai ƙarasa tarihin ba, babu mai ƙarasawa.

Hanyar Bunkure tana nan da ramukanta, direbanmu kuwa kamar ya rantse sai ya gaisa da kowanne. A tashar Rano muka karya da waina mai zafi. Ta rage girma, kuɗinta bai ragu ba. Daga nan babur muka hau, dawa ta yi kai dama da hagu.

Bayan gaisuwa da fura, Kawu ya buɗe sabuwar ya nuna mana: kowace kalma da jan layi a ƙarƙashinta, saboda manhajar rubutun Turanci kaɗai ta iya. Ita ma tsohuwar haka ta fara, amma duk kalmar da ta ja wa layi, sai ya danna ya sa ta riƙe. "Kalma-kalma na biya mata, kamar karatun allo," in ji shi. Ɗan nasa ya kwaso rubuce-rubucen duka, bai san kalmomin nan suna cikin wani ɗan fayil daban da manhajar ke ajiyewa wa kanta ba.

Abokina ya ce ai ana iya kashe jan layin gaba ɗaya. Kawu ya girgiza kai. "Ba shiru nake so ta yi ba, ɗana. So nake ta sani."

Babu wuta, sai maƙwabci ya ara mana janareta. Tsohuwar ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Da ƙyar ta buɗe. Na lalubo fayil ɗin, na zuba a filasha, na kai shi mazauninsa a sabuwar.

Kawu ya jawo kujera. Da yatsa ɗaya ya buga "Ladidi", sunan matarsa da ta rasu bara, ya tsaya yana jira. Layi bai fito ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga, sannan ya ce, "Ta gane ta." Wallahi sai da na kau da kai.

Mun iso gida da magariba, da ƙullin gyaɗar da ya tilasta mana. Na yi shekara da shekaru ina gyaran kwamfuta, irin fayil ɗin nan ban taɓa ɗaukarsa bakin komai ba. Yanzu ba na canja wa kowa na'ura sai na tambaye shi abin da ya koya wa tsohuwar. Jiya Kawu ya kira ni, ya ce ya kai babin aurensu da Ladidi.