Ranar da Baffa ya kama ni da taɓarya

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna zaune a Kalgo. Mu huɗu mahaifiyata ta haifa, duk maza, ni ne babba. Ita kuwa ba ruwanta da wai wannan aikin mata ne. Takan ce ciki bai san namiji ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu na iya surfe, na iya tuƙa tuwo, amma a ɓoye, don in yaran unguwa suka ji na shiga uku.

Wanda na fi tsoro shi ne Baffa, yayan mahaifina da ke Gwandu. Ya taɓa rantsuwa cewa in ya ji ana mayar da ni mace, zai raba ni da ita.

Wata shekara mahaifina ya tafi cin rani, zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata, daka ya dawo kaina. Matsalar ita ce, matan unguwa sun san sautin taɓaryar juna ta bayan katanga. Dole na koyi dakanta sak, har ɗan luguden da take yi. Na ƙware har na fara jin kaina.

Ina cikin daka da hantsi, sai na ji murya daga zaure: "Alhamdu lillahi, mai jiki ta tashi!" Baffa ne. Kafin in jefar da taɓaryar ya shigo. Ga ni da dusa har gira.

"Mi nika gani haka? Ɗauko kayanka, Gwandu za mu."

Na kasa ko kuka. Mahaifiyata ta rarrafo bakin ƙofa, ta ce, "Yaya, in kat tafi da shi, wa ka ba ƙannenai tuwo? Ko kai za ka daka?"

Ya dube ta, ya dubi ƙannena da suka raɓe jikin rumbu, ya juya ya fita. Bai tafi da ni ba, amma na yi watanni ina ɓuya duk sanda motar Gwandu ta tsaya.

Yau 'ya'yana maza da mata duk sun iya girki, ni na koya musu. Sai dai har yanzu in zan taɓa turmi sai na tura ƙofar gida. Kwanan baya ƙaramin ɗana ya ce, "Baba, wa kake tsoro?" Baffa ya daɗe da rasuwa, amma ranar ma sai da na tura ƙofar kafin in ɗauki taɓarya.