Shafin da Kawu Ya Karɓe

Makon jiya a kasuwar Garwa na ci karo da littattafan nan na yarinyar da ta shiga birnin aljannu a ƙarƙashin kogi neman uwarta. Da su na koyi karatu a shagon kawuna, ina zaune kan buhun citta, ƙamshin kanumfari na cika mini hanci.

Na saya na karanta, sai na ƙi yarda. A littafin ƙarshe uwar ta mutu, ni kuwa na san da ranta ta dawo gida! Na koma na tsare mai littattafan, na ce jabu ya sayar mini. Ya rantse haka labarin yake tun asali.

Na kai ƙara wurin Inna, matar marigayi Kawu. Ta ce, "Wa ya karanta maka ƙarshen?"

Sai na tuna Kawu yana miƙo hannu: "Kawo, ɗana, nan rubutun ƙanana ne." A shekarar aka binne mahaifiyata.

Na sake duba shafin. Girman rubutun daidai yake da sauran.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa wannan ƙaryar cikin ayyukansa na alheri.