Ranar da Kunamar Ruwa ta Tara Mana Jama'a

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen nazarin dabbobi, mahaifiyata na sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Mubi. Daga Yola ake aiko mata da shi cikin ƙanƙara. Wata rana na kai mata abinci, na tarar an yi wa rumfarta zobe, ita kuma ta jingina da bango.

A kan tebur ga wata halitta shimfiɗe kamar faifai, bayanta ruwan ƙasa, sumul ba ɓawo, wutsiyarta siririya kamar bulala. A ƙasan kwandon kifin aka same ta. Wani ya birkice ta da sanda, sai ga cikinta fari fat, da ramuka biyu kamar idanu da baki mai murmushi.

"Fuskar mutum ce!" in ji wata mata.

Wani ya ce dama cinikin Mama ba banza ba. Daga baya-baya na ji an ambaci fetur.

Na kutsa ciki. "Jama'a, kifi ne! Irin masu guringuntsi maimakon ƙashi. Ramukan nan hanci ne, idanunta na bisa baya. Tsagogin nan biyar-biyar da su take numfashi." Don tsabar ruɗewa har sunanta na Latin na zazzago.

"Kun ji ko?" in ji mai sandar. "Har sunanta ɗan ya sani!"

Suka ƙara matsowa. Na kai hannu zan ɗaga wutsiyar, sai wata tsohuwa 'yar Michika ta make ni.

"Kai yaro, cire hannu! Ko ta mutu, ƙayar nan da dafi." Ta juya ga taron. "Kunamar ruwa ce. A Garwa na yi aure, a can na san ta. A kogin Binuwai take zama, cikin yashi. Kawo wuƙa."

Ta datse wutsiyar, ta yanki tsoka ta ɗaga sama. "Maman yara, sa mini a leda. Miyar yau ta samu."

Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Ba wanda ya ba Mama haƙuri.

Duk abin da na faɗa daidai ne, amma ba da harshen mutanen da ke gabana na faɗa ba. Yanzu ina koyarwa, kuma ba na rubuta sunan boko a allo sai na tambayi ɗalibai yadda ake kiran abin a gidansu. Mama kuwa, har ta bar sana'ar, ba ta sake buɗe kwando a gaban mutane ba.